Zato, hasashe ko ra'i: yadda za ka zaɓi kalmar da ta dace in kana bayanin dalilin abu

Duk wanda ya taɓa zama rubuta furojet da Hausa, ko yake fassara labarin kimiyya don rediyo ko don shafinshi na Facebook, ya san wurin nan da biro ke tsayawa cik. Wani masani ya duba abubuwa da yawa, ya zauna ya yi tunani, ya fito da bayanin dalilin da ya sa abu kaza ke faruwa, amma bai kai ga tabbatar da shi ɗari bisa ɗari ba tukun. To mi za ka ce ya yi? Turawa suna da aikatau guda da sunka ciro daga kalmar tiyori, wato theorize, shi kaɗai ke ɗaukar wanga aiki. Mu kam ba guda gare mu ba, muna da su da dama kuma kowane da nauyinshi, shi ya sa za ka ga ɗalibai namu na Gusau da Maru da Talatar Mafara da Ƙauran Namoda sun kama kalma ɗaya, hasashe, suna zuba ta ko'ina, abin da aka tabbatar hasashe, abin da aka ji a majalisar shayi ma hasashe. Wannan yana damuna ƙwarai, don kalmar da ka zaɓa ita ke gaya ma mai karatu yawan hujjar da ke hannunka, in ka zaɓi wadda ta fi hujjarka nauyi ka yaudare shi, in ka zaɓi wadda ba ta kai ba ka tauye haƙƙin mai binciken.

Fara da sanin mi ake nufi da aikin kanshi. Gina ra'i, wato tiyori, wanda shi ne abin da malaman Hausa a jami'o'i ke cewa, yana nufin ka tara abubuwan da ka gani da idonka ko ka auna, ka fito da bayani guda da ya ɗinke su duka, bayanin da ke amsa tambayar "don mi", ba "mi ya faru" kawai ba. Kuma dole bayanin nan ya wuce abu ɗaya, ya zama in an je wani wuri an tarar da irin yanayin nan to za a ga irin sakamakon nan. Sannan ya zama akwai hanyar gwada shi, ta yadda in ƙarya ne za a kama shi. Asalin kalmar tiyori a Girkanci kallo ne da dubawa, nazariyya ta Larabci da wasu malamai ke amfani da ita daga nazari take, wato dubawa, ra'i ma daga gani yake a Larabci. Ka ga ke nan tun daga tushe aikin ido ne kafin ya zama aikin baki, wanda bai duba komi ba bai da abin ginawa.

Yanzu mu bi kalmomin tun daga mai sauƙi. Zato shi ne na ƙasa. Aikatau ɗin yana canja wutsiya gwargwadon abin da ya biyo shi, ka ce na zata, na zace shi, na zaci Audu ne. Amma ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi in suna rubutu, alhali a baki kowa ya san shi: in Bahaushe ya ce "na zata" to kusan kullum abin bai zama haka ba. Na zata kai ne, ashe ƙanenka ne. Na zata za a yi ruwa, sai hadarin ya washe. Don haka in ka rubuta "masana sun zata cewa sauro ke kawo zazzaɓi" to ka gaya ma mai karatu sun yi kuskure ke nan ko ba ka nufa ba, zai tsaya yana jiran ka ce "ashe". Ajiye zato don abin da anka yarda da shi a da sannan ya rushe, nan ne gidanshi. Tsammani ɗan'uwanshi ne amma shi gaba yake kallo kuma akwai sa rai a cikinshi, ina tsammanin baƙi, ina tsammanin albashi ranar Jumma'a. Ba ya shiga rubutun bincike sai da dalili, don mai bincike ba fata yake ba.

Canka wasa ne, babu hujja ko ɗaya, yaro ya dunƙule hannu ya ce canki abin da ke ciki. Kintata da kirdado sun fi shi, don akwai ɗan gogewa a bayansu, kamar ka kintaci lokacin da motar Anka ke cika a tasha don ka saba bin hanyar, ko uwar gida ta yi kirdadon gishiri a miya ba ta auna ba kuma ya zo daidai. Su waɗanga na lokaci ne da yawa da wuri, ba na dalili ba, ba a cewa ya kintaci dalilin cuta a rubutun ilimi. Ƙiyasta kuwa na lissafi ne, ka ƙiyasta buhu nawa gona za ta ba da, ka ƙiyasta kuɗin gini, ka ƙiyasta yawan mutanen da sunka taru. In babu lamba a maganar kada ka taɓa ta.

Sai hasashe, wanda shi anka fi wahalarwa. Ana cewa yi hasashe, ya yi hasashen ruwa, sun yi hasashen cewa farashin masara zai faɗi, ko kuma a ce hasaso, ya hasaso abin da zai faru. Aiki biyu yake yi na halal. Na ɗaya hango gaba bisa alamu, irin wanda hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa duk shekara kafin damina, ta ce ga lokacin da ake sa ran ruwa zai sauka a kowace jiha ga lokacin da zai ɗauke. Na biyu shi ne wanda ke cikin babi na ɗaya na furojet, hasashen bincike, wato amsar wucin gadi da ka ajiye ma tambayarka kafin ka fita fili ka gwada. Duka biyun abu ɗaya takamaimai suke magana a kai, daminar bana, ƙauye kaza, rukunin ɗalibai kaza. Ra'i shi ne babban bayanin da ke sama, wanda daga cikinshi ake ciro hasashe. Ra'i ɗaya yana iya haihuwar hasashe ɗari, kuma in hasashen da ya haifa sunka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya to shi ma ra'in ya fara girgiɗi.

Shi ra'i suna ne, don haka sai ka jingina mishi aikatau, kuma a nan ma akwai zaɓi. Wanda ya fara fito da shi ka ce ya gina ra'i, ko ya kawo ra'in cewa, ko ya ƙirƙiro ra'in kaza. Ni na fi son gina da kawo, don ƙirƙira a kunnen mutanenmu tana da warin ƙage, in ka ce wane ya ƙirƙiro magana ba yabo ka yi mishi ba. Wanda ya ɗauki na wani ya yi aiki da shi, ya ɗora aikinshi a kan ra'in ne. Wanda ya zo ya ƙara wani abu, ya faɗaɗa shi ko ya yi mishi kwaskwarima. Wanda ya kawo hujjar da ta karya shi, ya rushe shi. Kada ka rubuta "na gina ra'in kaza" alhali a littafi ka karanto shi, kai ɗorawa ka yi, kuma babu abin kunya a ɗorawa, mafi yawan furojet na digirin farko aikinsu ke nan.

Bari in kawo abin da ya faru a gidanmu, don da shi za a fi ganin yadda kalmomin ke hawa mataki-mataki. A farkon 2010 yara ƙanana, akasari 'yan ƙasa da shekara 5, sunka riƙa mutuwa a wasu ƙauyuka na Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Yaro ya fara amai da ciwon ciki, jiki ya mutu, sai jijjiga, sai suma, kwana kaɗan a kai shi makwanci. Abin da ya fara zuwa ran kowa, har ma'aikatan lafiya, shi ne zazzaɓin cizon sauro mai tsanani ko sanƙarau, don lokacin zafi ne kuma alamun sun yi kama. A nan kalmar da ta dace ita ce zato, "da farko an zaci zazzaɓi ne ko sanƙarau", kuma ka ga ta zauna daram don daga baya ya bayyana ba haka ba ne. Amma ka lura ba zaton banza ba ne, kuma an gwada shi, an ba yaran maganin waɗanga cututtuka bai yi musu aiki ba. Rashin aikin maganin shi ya tilasta a sake tunani, wannan shi ne matakin da mutane ke tsallakewa, su riƙe bayaninsu na farko ko da gwaji ya ƙaryata shi.

Sai likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, da sauran masu bincike sunka koma ga ido. Mi waɗanga ƙauyuka sunka haɗa wanda maƙwabtansu ba su da shi? Haƙar zinari. Ana ɗauko dutsen daga rami a kawo shi cikin gari, har cikin gida, a farfasa shi a daka a turmi, a niƙa shi da injin niƙan hatsi, a shanya garin a tsakar gida inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a ƙasa yana kaiwa baki. Mutane ma sun ba da labarin cewa tun kafin yara su fara mutuwa agwagi sun ragu a garuruwan, ba wanda ya ɗauke shi komi a lokacin. Daga nan ne anka ce ƙila guba ce daga dutsen. To wannan shi ne hasashe na gaskiya, "likitocin sun yi hasashen cewa guba ce daga dutsen zinari", yana da alamu a bayanshi kuma yana da hanyar gwaji. Anka ɗebi jinin yara anka auna, anka ɗebi ƙasar gidajen anka auna, sai ga dalma ta wuce duk wani mizani da likitoci sunka sani na hatsari. Daga wannan rana an daina cewa hasashe, sai a ce an tabbatar, an gano gubar dalma ce. Yara sama da 400 sunka rasu a wagga masifa, Allah Ya jiƙansu Ya ba iyayensu haƙuri.

To ina ra'i a cikin wanga labari? Yana cikin bayanin da ya ɗinke komi, cewa duk inda ake sarrafa dutse mai dalma a cikin gidajen kwana, ƙurarshi za ta gauraye da ƙasa, yara ƙanana su sunka fi haɗiyarta don su ke wasa a ƙasa kuma jikinsu ya fi na manya zuƙar dalma, daga nan ta shiga jini ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ka ga wanga bayani bai tsaya ga Dareta ba. Ya faɗi dalilin da ya sa yara ne ba manyan da ke shiga ramin ba, ya faɗi dalilin agwagin da ke kiwo a ƙasar, ya kuma nuna abin yi, wato magani kaɗai ba zai wadatar ba in yaro zai koma gidan da ƙasarshi ke da guba, shi ya sa anka riƙa kankare ƙasar saman gidaje ana kwashewa ana zuba sabuwa, aikin da ya kai ƙauyen Bagega na Anka a 2013. Sannan ya hango gaba, ya ce in an yi haka a wani wuri za a ga haka. A 2015 kuwa sai ga shi a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 sunka rasu ta hanya iri ɗaya. Duk bayanin da ka gina ka auna shi da waɗanga abubuwa, ya faɗi dalili, ya wuce wuri ɗaya, ya hango abin da ba a gani ba tukun. In bai yi ba kira shi hasashe ka huta, ba ragi ba ne.

Wani abin da ya kamata ka sani shi ne ra'i yana iya zama rabi daidai rabi kuskure, kuma Hausarka ta nuna hakan. Zazzaɓin cizon sauro da muke kira da sunan sauro yau kamar tun fil'azal an san haka, da can a Turai an zaci mugunyar iskar fadama ke kawo shi. A 1880 wani likitan Faransa, Laveran, ya ga ƙwayar cutar a jinin marasa lafiya a Aljeriya. A 1894 wani likitan Birtaniya, Patrick Manson, ya kawo ra'in cewa sauro ne ke ɗaukar ta, amma shi a ganinshi mutum na kamuwa ne in ya sha ruwan da sauron ya mutu a ciki. Ronald Ross ne ya ɗauki ra'in ya tafi da shi fili a Indiya, a watan Agusta 1897 ya ga ƙwayar a cikin tumbin sauro, a shekarar da ta biyo ya nuna da tsuntsaye cewa ta cizo take wucewa. Dubi yadda aikatau ke canjawa a cikin layukan nan, an zaci, ya ga, ya kawo ra'in, ya nuna. In ka mayar da su duka "ya gano" ka kashe labarin, mai karatu ba zai san wa ya yi tunani wa ya tabbatar ba, kuma ba zai san Manson ya dace a wuri ɗaya ya kuskure a wani ba.

Ku 'yan sashen Hausa kuna da misali a cikin ajinku wanda ba kwa kallonshi a matsayin ra'i don an ba ku shi kamar hadda. Giredin aikatau. Wani Bature masanin Hausa, F. W. Parsons, ne ya fito da shi a 1960, ya dubi tulin aikatau na Hausa ya ce ba a warwatse suke ba, ƙarshen kalma da karin sauti suna raba su gida 7 kuma kowane gida da irin ma'anar da yake ƙarawa. Daga saya ka samu sayo, wato ka saya ka taho da shi, saye wato ka kwashe duka, sayar wato ka rabu da shi, sayu wato abin ya yiwu. Wannan gina ra'i ne sosai, ya duba, ya ɗinke, kuma kana iya ɗaukar wani aikatau da bai ambata ba ka gwada ka gani. Amma bai rufe duka aikatau ba, irin su ci da sha da ja sun ƙi shiga ko'ina, daga baya anka ware musu giredi na sifiri, kuma a 1973 wani masanin Hausa, Paul Newman, ya sake duban tsarin duka ya kawo wani bayani na daban kan yadda ya samo asali. Ga ma abin sha'awa, kalmomin da muke ta magana a kansu, hasaso, gano, hango, ƙirƙiro, duk 'yan giredi na 6 ne masu ƙarewa da o, masu ma'anar jawo abu daga nesa zuwa inda kake. In kai ɗan Zamfara ne kana jin wani aikatau a bakin tsofaffin garinku wanda ya ƙi bin tsarin da anka koya maka, rubuta shi, kada ka ce tsohon ne ya yi kuskure, da irin wannan ake yi ma ra'i kwaskwarima.

Wanda ya yi karatun zaure kuwa yana da wata ƙofa ta fahimtar abin. Ƙiyasi a usulul fiƙihu yana da rukunai 4, asali da reshe da illa da hukunci, kuma wahalar duka tana wurin gano illa, wato dalilin da ya sa hukuncin ya hau asalin, kamar maye a giya, wanda in an same shi a wani abu hukuncin ya bi shi can. Ba abu ɗaya ba ne da ra'in kimiyya, don shi ƙiyasi nassi ne tushenshi shi kuma wancan gwaji, amma horon ƙwaƙwalwar ya yi kusa, ka ware sifar da ita ce dalili daga sifofin da sunka zo rakiya kawai. Malamanmu ba su yarda a ce launin giya ko warinta ne illa ba, haka kai ma kada ka yarda duk abin da ya zo tare da abu shi ne sanadinshi.

Akwai kurakurai da ke yawan dawowa. Ra'i da ra'ayi daga kalma ɗaya ta Larabci sunka fito amma a rubutun ilimi an raba musu aiki, ra'ayi naka ne ba wanda zai tambaye ka hujja, a ra'ayina tuwon dawa ya fi na masara, shi ke nan. Ra'i kuwa da ka furta shi ka buɗe ƙofa kowa ya zo ya gwada. Sai kalmar wai, wadda ƙarama ce amma tana da ƙarfi, in ka sa ta gaban maganar masani ka nesanta kanka da ita kuma ka jefa shakku, "wai ƙwayoyin cuta ke sa kwalara" ba daidai yake da "ƙwayoyin cuta ke sa kwalara" ba, don haka kada ka sa ta don ado. Sai yadda muke cewa a titi "ai wannan tiyori ne kawai, a zo a yi firatikal", ma'ana surutu ne marar amfani. A hira ba laifi, kowa ya gane nufinka, amma kada ka shigo da wagga ma'ana cikin rubutun ilimi, don a can ra'i shi ne bayanin da ya sha gwaji ya tsaya, irin ra'in da ya ce ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani su ke haddasa cututtuka masu yaɗuwa, wanda a kanshi asibiti duka ke tsaye. Abin da ba shi da hujja kuma ba ya karɓar gwaji muna da sunayenshi, shaci-faɗi, jita-jita, ƙila-wa-ƙala, ka kira shi da su. Alamarshi ita ce duk hujjar da ka kawo ta ƙaryata shi sai mai shi ya ce ai wannan ma cikin makircin ne.

Kuma don Allah a bambanta gina bayani kan abubuwa da gina shi kan mutane. Aya ta 12 a Suratul Hujurati ta hana mu yawan zato ta ce sashenshi zunubi ne, mu ma muna cewa zato zunubi ko da ya zama gaskiya. A halin da yankinmu ke ciki, mutum ya ga maƙwabcinshi ya yi sabon babur, ya gan shi yana waya a bayan gari, ya haɗa biyu da biyu ya ce infoma ne, kafin magariba magana ta zagaye gari kuma mun san inda irin wagga magana ke ƙarewa. Mai faɗin yana ji kamar ya yi nazari, alhali bai tambayi kanshi ko akwai wani bayani da zai ɗinke abubuwan nan biyu ba, ƙila ya sayar da waken suya ne, ƙila a bayan gari kaɗai sabis ke kamawa. Wanda ya koyi gina ra'i da gaske shi ya fi kowa jinkirin yanke ma mutum hukunci, don ya saba neman bayani na biyu da na uku kafin ya buɗe baki.

In kana son ka gwada hannunka, ga aiki a gona wanda ba ya cin kuɗi. Ka lura a gonar gero ƙuduji ya cika gefe ɗaya da jan furenshi geron duk ya tsumbure, amma gefen da shanu sunka yi zama da rani kusan babu shi. Rubuta abin da ka gani tukun ba tare da dalili ba, "na lura ƙuduji ya fi yawa a gefen da ba a sa taki ba". Sai ka kawo hasashe, "ina hasashen cewa ƙarancin taki ne ke ƙara shi". Kafin ka ci gaba tsaya ka lissafa abin da zai iya zama dalili ban da taki, ƙila gefen shanun ya fi kwari yana riƙe laima, ƙila an riga shuka shi, ƙila bara wake anka sa a wurin. Sai ka yanki fili guda mai ƙasa iri ɗaya ka raba shi fala-fala, iri ɗaya, ranar shuka ɗaya, noma ɗaya, wasu falolin ka zuba taki wasu ka bari, kuma ka gauraya su kada masu takin su taru gefe ɗaya. In ƙuduji ya fito ka ƙirga tsironshi a kowane fali ka rubuta lambar. Ra'in da za ka ɗora aikin a kai yana nan masana aikin gona sun gina shi, cewa irin ƙuduji yana kwance a ƙasa shekaru ba ya tsira sai ya ji wani sinadari da saiwar gero ko dawa ke fitarwa, kuma shukar da ke cikin yunwar taki ta fi fitar da shi. In lambobinka sun bi hasashen ka rubuta "sakamakon ya goyi bayan hasashen", kada ka ce ya tabbatar da ra'in daga gona ɗaya a damina ɗaya. In ba su bi ba ka rubuta "sakamakon bai goyi bayan hasashen ba" da lambobin yadda suke ba tare da ka taɓa ko ɗaya ba, sannan a ƙasa ka jera laima da lokacin shuka da abin da anka noma bara a matsayin abubuwan da za a duba a damina mai zuwa.